Wanda Ya Biya Gaba, A Ɗaga Masa Ƙafa

Duk wanda ya tashi a Jabo, ko Tambuwal, ko ƙasar Kebbe, ya san kuɗin manomi ba wata-wata suke zuwa ba. Da kaka suke zuwa, su ɗauke da bazara. Saboda haka bashin ƙauye yake da ladabinsa: manomin da ya kai wa ɗan kasuwa dami goma a shekarar albarka, alhali takwas ake binsa, idan ruwa ya ci gonarsa baɗi ba wanda zai kira shi mai taurin bashi. An san ya biya gaba, sai a ɗaga masa ƙafa, mutuncinsa kuma yana nan.

Mu da muka baro gona muka kama hanyar albashi, wannan ladabi muke nema a bashin gina gida, watau wanda ake jinginar da gidan har a gama biya. Tun 1992 doka ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci ana zubawa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuwa yana ba da rance daga ciki a kan ruwa kashi 6, a biya har cikin shekara 30. Shekara talatin fa ba kwana talatin ba ce. A cikinta akwai ciwo, akwai rasuwa, akwai watannin da albashi zai makara.

A Ingila wasu bankunan sun mai da al'adar Jabo rubutacciyar ƙa'ida. Abin da mutum ya ɗora a kan biyansa na wata ana lissafa masa shi tamkar hatsi a rumbu, ranar matsi kuma ya nemi izini ya rage biya, ko ya huta gaba ɗaya, gwargwadon abin da ya tara. A ce ana bin mutum Naira 50,000 kowane wata, shi kuwa yana ba da 60,000. Bayan wata 15 ya tara 150,000, watau hutun wata uku ke nan. Amma hutun ba kyauta ba ne. Kuɗin ruwa ba sa hutawa, bashin da ya ragu zai sake hawa zuwa inda da zai kasance, ribar da ya ci ta gaggauta biya kuma ta tafi. Duk da haka ya fi a ce ya gaza.

Abin da ya fi damunmu shi ne suna. A da sunan mai bashi a bakin mutanen kasuwa yake. Yanzu yana cikin kwamfuta. Babban Bankin Nijeriya ya ba kamfanoni uku lasisin tattara tarihin bashin jama'a, su ne CRC da FirstCentral da CreditRegistry, dokar 2017 kuma ta ƙarfafa aikinsu. Daga Agustan 2020 aka ba bankuna ikon bin lambar BVN su kwashi kuɗin wanda ya gaza biya daga asusunsa na wani banki. To, kwamfuta ba ta san karamci ba. Abin da ta sani shi ne ranar biya ta zo, kuɗi sun shigo ko ba su shigo ba. Mutumin da ya yi shekara biyu yana biyan ƙari, idan ya tsallake wata guda bisa zaton yana da ajiya, ba tare da amincewar banki a rubuce ba, za a iya rubuta shi a layi ɗaya da wanda bai taɓa niyyar biya ba. A Ingila irin wannan tabo shekara 6 yake yi a takardar mutum. Ranar da ya je neman rancen mota ko na jari, sai a ce masa ya dawo wani lokaci, ba kuwa lalle a faɗa masa dalili ba.

Kada a ce mana abin ba ya yiwuwa. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta tsai da kasuwanni, hukumar kula da harkar kuɗi ta Birtaniya ta umarci bankuna su ba masu bashin gida hutun wata uku, daga baya aka kai shi wata shida, aka kuma hana a rubuta shi a matsayin gazawa. A watan nan dai Babban Bankinmu ya ɗage biyan uwar kuɗi na shekara guda a kan rancensa na tallafi, ya sauko da ruwa daga kashi 9 zuwa 5. Idan an iya yi wa ƙasa duka uzuri, har da wanda bai ajiye ko kwabo ba, ina dalilin hana mutum guda cin abin da ya ajiye da hannunsa?

Muna kira ga Babban Banki da bankunan lamunin gidaje su sa wannan sharaɗi a fili cikin kowace yarjejeniya: ƙarin biya ajiya ne, hutun da aka ɗauka a kansa kuma ba za a kai shi gaban masu tattara tarihin bashi da sunan gazawa ba. Ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda ba sa gajiya da zancen ƙarin albashi, ya kamata su ɗauki wannan ma.

Kafin a kai nan, 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, kada ɗayanmu ya ɗora ko sisi a kan biyansa sai ya tambaya ina ƙarin yake zuwa: rage uwar kuɗi zai yi har abada, ko kuwa ana iya janyo shi ranar buƙata? Amsar manaja ta baki ba hujja ba ce, domin ana canja manaja, takarda ce take zama. Idan banki ya ƙi rubutawa, gara a tara rarar a wani asusu dabam, a riƙa biya daga can sa'ad da albashi ya makara. Doka kuma ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara. A karɓa a duba, musamman waɗanda ake cire musu biya tun daga ofis, domin cirewa daban, isar kuɗin banki a kan lokaci daban.