Filin Mata: Mai Labarin Tafiya Da Masu Karatunsa

 Yau zancenmu a kan wani littafin tafiya ne wanda ya raba kan masu karanta shi. A cikin gardamarsu kuwa akwai abin da zai amfane mu, musamman ku 'yan makaranta da a kan ba ku insha'i ku rubuta.

A Amurka akwai manyan dazuzzuka da duwatsu waɗanda Gwamnati ta keɓe don kada a ɓata su, amma kowa yana da izinin zuwa kallo. Su ne gandayen daji na ƙasa. Na farinsu Yellowstone, an keɓe shi a 1872, hukumar da ke lura da su kuwa an kafa ta a 1916. A 2016, shekarar da hukumar ta cika shekara 100, gandayen 59 ne. To, a shekarar nan wani ma'aikacin talabijin mai suna Conor Knighton ya ɗaura niyyar zaga su duka. Abin da ya tashe shi kuwa, an yi masa baiko, auren ya watse tun ba a ɗaura ba. Ya fara ran 1 ga Janairu da kallon fitowar rana a gandun Acadia, can gabas, ya ƙare ran 31 ga Disamba da kallon faɗuwarta a bakin tekun Kalifoniya, can yamma. A 2020 ya fid da littafinsa, Leave Only Footprints, watau kada ka bar kome sai sawunka.

Masu karatu suka kasu uku. Na farko suka yaba, domin suna zaune a ɗaki ya kai su gandun Sequoia, inda wani itace mai tsawon ƙafa 275 yake, wanda babu mai girman jikinsa a duniya. Ya kai su Death Valley, kwarin da aka auna zafinsa ya kai digiri 56.7 a 1913. Na biyu suka yi ƙorafi cewa bai bi hanya daki-daki ba. Ya tara wuraren ne bisa abin da ya haɗa su, nan babin ruwa, nan na itatuwa, nan na dabbobi, har waɗansu gandaye ba su sami fiye da 'yan layuka ba. Na uku suka ce ya cika zancen ɓacin ransa, su kuwa daji suka zo gani.

Ni dai a ganina, na biyun nan sun shiga rumfar mai atamfa ne suna neman tukunya. Mai son sanin hanya da masauki da kuɗin shiga, akwai littattafan jagora dominsa. Da marubucin ya jera wurare 59 ɗaya bayan ɗaya, da ya zama kamar yaron mota mai kiran tashoshi, kafin a kai na goma barci ya kwashe ki.

Na ukun suna da ɗan gaskiya. Kowa ya san baƙuwar da za a tambaye ta labarin biki ta ƙare da labarin ciwon ƙafarta. Amma ku lura, mata biyu su kan je kasuwa ɗaya su komo da labari biyu, don kowace da abin da ke ranta. Wanda aurensa ya watse, in ya tsaya shi kaɗai a daji, zai ji shirun wurin yadda mai rakiya ba zai ji ba. Zancen kai a labarin tafiya kamar gishiri ne a miya: in babu ta yi lami, in ya yi yawa ba ta shawuwa.

Irin wannan rubutu ba baƙonmu ba ne. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Wurin zuwa ma muna da shi. Ga Yankari a ƙasar Bauchi, da aka buɗe wa masu kallo a 1962, da giwaye da ɓauna da gwanki, da ruwan Wikki mai ɗumi, digiri 31 rani da damina.

Saboda haka ke 'yar makaranta, in an kai ku yawon buɗe ido, sa ƙaramin littafi da fensir a jakarki, kada ki dogara ga hoto kaɗai. Tambayi mai yi muku jagora sunan kowace dabba da kowane itace. Rubuta lokacin da kika gan su da abin da suke yi. Sa'an nan ki ƙara abin da kika ji a ranki, ko tsoro ne ko mamaki, amma kaɗan. Ki rubuta a daren nan, domin in ya kwana biyu rabi ya zube.

Ke kuma uwargida, in ta komo, bayan tsaraba ki nemi littafin nan. A taru bayan cin tuwo ta karanta wa kakarta da ƙannenta da duk wadda ba ta sami zuwa ba. In wata ta ce ta cika zancen kanta, wata ta ce ta tsallake wuri kaza, kada ta yi fushi. Alama ce an saurare ta.

Sai mako mai zuwa.