GILASHIN MOTA ƊAYA, ALBASHIN SHEKARA 107

Tsakuwa ba ta san farashin mota ba. Idan tayar tifa ta hankaɗo ta a kan kwalta, ba ta tsayawa ta tambaya ko gilashin da ke gabanta na tsohuwar Golf ne ko na Bugatti. Dukansa kawai take yi ta wuce. Bambancin yana bayyana ne washegari, lokacin da za a biya kuɗin gyara. Wannan lissafin na washegari muke so mu baje wa mai karatu a yau, domin masu yi wa irin waɗannan motoci kirari kullum kuɗin saye suke faɗa, ba sa taɓa faɗar kuɗin riƙo.

A shekarar 2021 jaridun motoci na ƙasashen waje sun yaɗa wani lissafi na abin da ake kashewa wajen riƙe mota ƙirar Bugatti Chiron. A cikin lissafin an nuna cewa canza gilashin gaba kaɗai yana cin kimanin dalar Amurka 60,000. Ba inji ba, ba giya ba, gilashi. To mu sauko da kuɗin gida. A canjin naira 1,500 kan kowace dala, wanda a kusa da shi dala ta yi ta kai-kawo a 2024 da 2025, kuɗin ya kama naira miliyan 90. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Yulin 2024 kuwa naira 70,000 ne. Ɗauki alƙalami ka raba da kanka. Masinja ko mai shara da ke kan wannan albashi, idan bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, bai sai wa ɗansa fensir ba, sai ya yi shekara 107 yana aiki kafin ya tara kuɗin wannan gilashi. Kujerar Hajji a 2025 ta ɗan haura naira miliyan 8, ke nan mutum 10 za su sauke farali da abin da tsakuwa guda ta lalata cikin ƙiftawar ido. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Kada wani ya ce ƙarya ake yi wa gilashin, ko kuwa Turawa ne kawai suka ga wawa suka tsuga masa kuɗi. Akwai dalilin tsadar, kuma sanin dalilin shi ne zai ƙara nuna munin lamarin. Gilashin gaban kowace mota falle biyu ne da aka manne su da wata siririyar roba a tsakani, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Edouard Benedictus ya yi wa rajista tun 1909, don idan ya fashe ya tsaya a manne maimakon ya watso wa mutane a fuska. A motocin zamani ba da roba ake zagaye shi a cusa ba kamar na Fijo 504, da gam mai ƙarfi ake liƙa shi a jikin mota har ya zama wani ɓangare na ƙashinta. Yana taimakawa wajen riƙe rufi idan mota ta kife, kuma a motoci da yawa a jikinsa jakar iskar fasinja take dafawa idan ta buɗe. Motar da aka ƙera ta yi gudun kilomita 400 a awa, iskar da ke dukan gilashinta ta ninka ta mai gudun kilomita 100 sau 16, domin ƙarfin iska yana ninkuwa ne fiye da yadda gudu yake ninkuwa. Saboda haka lanƙwasarsa da kaurinsa da nauyinsa duk sai an auna su na musamman.

Sai kuma babban dalilin, wato ƙarancin motar. Kamfanin Toyota ya sayar da Corolla sama da miliyan 50 zuwa 2021, don haka masana'antu barkatai ne suke buga gilashinta, kuma kuɗin ƙera ma'aunin da ake lanƙwasa shi ya rabu a kan miliyoyin mutane. Chiron kuwa guda 500 kacal aka ƙera daga 2016 zuwa 2024 a garin Molsheim na Faransa. Mutum 500 ne za su ɗauki nauyin ma'aunin, kuma ƙofa ɗaya ce za a ƙwanƙwasa. Wanda ba shi da wata kasuwar da zai je ai ba ya ciniki, abin da aka yanka masa shi zai biya.

Kuma sayen gilashin ba shi ne ƙarshen wahala ba. Sai an yi masa akwati na musamman, an yi masa inshora, an ɗora shi a jirgi, an biya kuɗin fito. Idan ya iso, sai an yanke tsohon gam ɗin da waya a hankali, a jikin motar da ba da ƙarfe aka yi ta ba, da zaren kabon aka yi ta, wanda ba a buga shi da guduma ya miƙe idan an ji masa ciwo. Kuskuren hannu kaɗan sai gyara ya haifi wani gyaran da ya fi shi. Shi ya sa kamfanin yake da ƙwararrun da yake kira likitoci masu tashi, waɗanda ake ɗaukowa a jirgin sama su zo duk ƙasar da motar take. Mai motar ne zai ji da su.

To a nan ne muke so masu cewa "ai irin waɗannan motoci suna samar wa talaka aikin yi" su tsaya su ba mu amsa. Wane talaka? Mai gilashin da ke Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, wanda ya shekara 20 yana cire gilashi yana sawa, ko kusa da motar ba za a bari ya zo ba. Bakaniken unguwa ba shi da kwamfutar da za ta yi magana da ita. Daga gilashi har gam har hannun da zai liƙa, duk daga waje suke, kuma duk da kuɗin waje ake biya. Abin da ya rage wa ɗan ƙasa shi ne wanki da gadi da buɗe ƙyaure. Wanda ya sayi irin wannan mota ya ɗaura wa kansa igiya ne a wuya ya miƙa wa wata masana'anta a Turai ɗaya bakin, duk shekara ta ja, shi kuma ya zuba. An ce mana an sami 'yancin kai a 1960, ga shi manyanmu da kuɗinsu suke sayen talala.

Abin dariya, in da abin na dariya ne, su kansu kamfanonin sun gano cewa masu irin wannan kuɗi ba amfani suke saye ba. A 2018 Ferrari ta fito da Monza, a 2019 McLaren ta fito da Elva, dukansu ba su da gilashin gaba sam, kuma kowace ta haura dala miliyan ɗaya da rabi. Mutum ya biya wannan dukiya don ƙwaro ya fasa masa ido, ko ya sa hular kwano kamar ɗan acaɓa.

Za su ce hassada ce. Kullum idan aka taɓa mai kuɗi sai 'yan korensa su ce hassada ce, dukiyarsa ce, guminsa ne, ina ruwan wani. Mu ba mu ce hawa abin hawa mai kyau haramun ne ba, kuma babu malamin kirki da ya faɗi haka. Amma tsakanin jin daɗin ni'ima da almubazzaranci akwai iyaka, kuma wanda duk ya karanta aya ta 26 da ta 27 a Suratul Isra'i ya san da wa aka haɗa almubazzarai zumunta. Sannan kafin a ce guminsa ne, sai a fara nuna mana gumin. Tarihin waɗannan motoci cike yake da mutanen da ba a ga gumin nasu ba.

Dubi Teodoro Nguema Obiang Mangue, ɗan shugaban ƙasar Ikwatoriyal Gini, wanda ubansa yake kan mulki tun 1979 a ƙasa mai arzikin mai da talakawa masu shan ruwan rafi. A 2011 'yan sandan Faransa suka kwashe motocinsa daga gidansa na birnin Faris, cikinsu har da Bugatti Veyron guda biyu. A 2017 kotun Faris ta same shi da laifin halatta kuɗin haram. A watan Satumbar 2019 aka yi gwanjon wasu motocin nasa 25 da hukumomin Suwizalan suka ƙwace, aka tara kimanin dala miliyan 27, inda Lamborghini Veneno guda ɗaya ta tashi a kan sama da dala miliyan 8. Da yawa daga cikinsu ko tafiyar kirki ba su taɓa yi ba. Ajiye su kawai aka yi ana kallo.

Kada kuma mu ce abin na wasu ne. A ƙasar Burunai, ƙasar Musulmi mai sarkin Musulmi, Yarima Jefri ƙanen Sarki Hassanal Bolkiah ya tara motoci dubbai a shekarun 1990. Kamfaninsa ya durƙushe a 1998, a shekarar 2000 kuma gwamnatin ƙasar ta kai shi kotu a kan kusan dala biliyan 15 na asusun hukuma. Wani dillalin Ferrari Ba'amurke da ya je duba motocin a 2002 ya ba da labarin yadda ya tarar da ɗaruruwansu suna ruɓewa, zafi da laima sun cinye su, fumfuna ta rufe kujeru. Dukiyar al'umma ce ta zama abincin fumfuna a bayan gilasai masu tsada. Namu na gida ma mun gani: Ramon Abbas, wanda matasa suka sani da Hushpuppi, ya yi shekaru yana baje motoci a Instagram ana yi masa tafi, aka kama shi a Dubai a watan Yunin 2020, a 2022 wata kotun Amurka ta ɗaure shi sama da shekara 11 saboda damfara.

Akwai masu wayo a cikinsu da suke cewa ai jari ne, motar tana ƙara daraja. Wani lokaci gaskiya ne. Rowan Atkinson, ɗan wasan barkwancin nan na Ingila da yara suka sani da Mista Bin, ya sayi McLaren F1 a 1997, ɗaya daga cikin 106 da aka ƙera. A 2011 ya gwabza ta da bishiya, kamfanin inshora ya biya fam 910,000 kuɗin gyara, aka yi sama da shekara ana aikin, amma a 2015 ya sayar da ita da riba mai yawa. To amma a lura: masana'antar da ta ƙera motar tana ƙasarsa, kamfanin inshorar yana ƙasarsa, masu gyaran 'yan ƙasarsa ne, kuɗin bai tsallaka teku ba, kuma kowa ya san da wace sana'a ya samu. Wanne daga cikin waɗannan ne ya yi daidai da mai tuƙa irinta a Abuja, a kan titin da tifofin yashi suke zubar da tsakuwa, a garin da mota za ta kwana cikin sanyin hunturu ta wuni cikin rana, abin da yake sa ƙaramin tsagu ya zarce daga wannan gefe zuwa wancan?

Abin takaicin shi ne a kan wannan titin dai ake samun ɗaya gilashin. Je tasha ka duba motocin haya. Za ka ga gilashi ya tsage kamar saƙar gizo, an huda ƙarshen tsagun don kada ya ci gaba, an manna masa sitika an rufe. Direban ya san haɗarin. Ya san idan dare ya yi fitilar babbar mota ta haske shi, hasken watsewa yake yi a tsagun ya makantar da shi, ga mutum 10 ko fiye a bayansa. Ba ganganci ne ya hana shi canzawa ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin gilashin da yake saye, sabo ko na hannu, ya bi dala ya hau, abin da yake samu kuma bai bi ba. Ita wannan dalar da ta gagari direba, ita ce wani yake kwasa 60,000 a tashi ɗaya don tsakuwa ta taɓa abin wasansa. A ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskoki da dama.

Laifin kuma ba na masu motocin ne kaɗai ba. Akwai maroƙa na da da na zamani, masu bin mota da waya suna ɗauka suna kabbara kamar an ci yaƙi. Akwai iyayen da ɗansu zai shigo da abin da albashinsa na shekara 50 ba zai saya ba, su yi guɗa maimakon su yi tambaya. Akwai kuma, Allah ya kiyashe mu, masu rawani da ake kira su tofa wa sabuwar mota albarka, su karɓi ambulan su tafi, ba wanda zai buɗe baki ya ce Alhaji daga ina. A kan mumbari za su yi awa guda a kan tsawon wandon talaka, amma labarin Ƙaruna sai ya zama tatsuniyar mutanen da, kamar ba shi da magada a sahun gaba.

Su kuwa mahukunta ba su da uzurin rashin sani. Tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa duk mai riƙe da muƙami ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, lokacin hawa da lokacin sauka, amma takardun suna kulle, talakan da aka yi dokar dominsa ba ya ganinsu. Irin wannan mota kuma ba allura ba ce da za a ɓoye a aljihu. Tana da lambar jiki, kamfanin da ya ƙera ta ya san inda take, ta tashar ruwa ko filin jirgi ta shigo. Haka shi ma gilashin, idan ya taso daga Turai a cikin akwatinsa, da sunan mai karɓa da adireshinsa a jiki yake isowa, kuma sai jami'in kwastan ya buga masa hatimi kafin ya fita.