Waiwaye: Shekarar da Citta Ta Ruɓe

A kudancin Kaduna citta ce bankin talaka. Daga Kachia zuwa Kwoi, daga Kagarko zuwa nan Zonkwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, mutum yakan binne dukiyarsa a ƙasa a watan Afrilu ko Mayu, ya lulluɓe da ciyawa da ganye, ya yi ta cire haki har ruwa ya ɗauke. In sanyi ya shigo a tone, a tsaga, a shanya a kan duwatsu da gefen titi, gari duka ya ɗauki ƙamshi. Daga nan kuɗin makaranta ke fitowa, da kwanon rufi, da kayan aure, da shinkafar Kirsimeti. Dillalai da masu saye ma daga nan suke samun na ragon layya.

Shekarar 2023 ta zo mana da masifa uku a jere. Tun farkonta aka shiga wahalar takardar kuɗi saboda canjin naira, ga kaya a kasuwa amma babu tsabar da za a miƙa wa mai shi. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na ƙwadago suka tashi daidai lokacin da iri ke ƙasa. Sai kuma tsakiyar damina ganyen citta ya fara komawa rawaya yana langaɓewa. Ka sa hannu ka tono, ka ji ta narke tana wari. Masana suka ce cutar fumfuna ce. In ta kama gona ɗaya, kafin a ankara ta maƙwabci ta bi. Daga baya gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da ta kai naira biliyan 12.

Ni malamin makaranta ne, don haka a aji na fara ganin ɗaya asarar, wadda ba a lissafa da naira. Da muka koma hutu a watan Satumba, yaran da na sani da surutu sun yi tsit, masu sanyin hali kuma sun koma faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wata yarinya mai ƙoƙari ta dinga gyangyaɗi tun darasin farko. Da aka lallaɓa ta sai ta ce a gidansu ba a barci, Baba da Mama suna ta cacar baki har dare ya raba.

Akwai wani maƙwabcina, dattijo mai kamun kai, wanda duk unguwa ke kawo wa ƙara ya sasanta. Ya karɓi kuɗi a hannun wani Alhaji ɗan kasuwa a Kafanchan a kan zai biya da busasshiyar citta, kamar yadda suka saba shekara da shekaru. Gonarsa ta ruɓe ƙurmus. Daga nan ya kashe waya. Ya daina shiga motar Kafanchan ko da ta'aziyya ce. A coci ya bar kujerarsa ta gaba ya koma baya, kafin a tashi ya sulale. Wata safiya autarsa ta fasa kofi, ya daka mata tsawar da ta sa yarinyar ta saki fitsari a tsaye, shi da bai taɓa ɗaga wa yaro murya ba. Matarsa ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Malam, Baban yara ba ya barci. Ƙarfe biyun dare sai in ji shi yana zagaye tsakar gida. Na yi magana, ya ce in bar shi." Amma in ka gaishe shi a hanya, amsa ɗaya ce: lafiya lau, mun gode Allah.

Ban ga laifinsa ba, haka aka rene mu. An ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma namiji ba ya kuka. Ƙasar nan ma ta ƙara koya mana haɗiye abu. Manyanmu sun ga rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992. Mu kuma mun ga abin da ya faru a nan Zonkwa a watan Afrilun 2011 bayan zaɓe, lokacin da aka kashe mutane masu yawa, Hausawan da aka haifa a garin nan da dama suka koma Kaduna, wasu har yau ba su dawo ba. Ƙauyuka kuma sun sha hare-haren dare a shekarun da suka biyo baya. An yi jana'iza, an koma gona, an ci gaba da rayuwa. Yarjejeniyar zaman lafiya da al'ummomi suka sa wa hannu a Kafanchan a 2016 abu ne mai kyau, amma tsakanin al'umma da al'umma aka yi ta. Abin da ke ƙirjin kowane mutum ɗaya yana nan inda yake. Har yanzu in tayar mota ta fashe ranar kasuwa za ka ga mata sun saki tire sun ruga. A kan irin wannan jikin, wanda bai gama sakewa ba, cutar citta ta sauka.

Wanda ya taimaki maƙwabcina ba likita ba ne, ba fasto ba. Wani tsohon ma'aikacin reluwe ne da ya yi aiki a Kafanchan tun jirgi na jirgi, ya ɗan girme shi. Kullum da yamma sai ya zo da sandarsa ya zauna a bencin ƙofar gidan. Kwanakin farko ba ya cewa komai bayan gaisuwa. Bai yi masa wa'azi ba, bai ce masa wasu sun fi shi asara ba. Zama kawai, har magariba ta yi ya tafi. Wata rana ina wurin na ji ya ce, "Ɗan'uwana, in dare ya raba, wanne ne yake fara zuwa maka?"

Maƙwabcina ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Fuskar Alhaji."

"In ta zo, a ina kake jin ta?"

Ya dafa ƙirji. "Nan yake tokare ni. Wuyana ya bushe, ƙafafuna su ce in tashi."

"To, in ta zo yau kada ka tashi. Zauna a bakin gado, ka ja numfashi a hankali har ka ji cikinka ya cika, ka sake shi a hankali. Ka ce wa kanka, ga tsoron bashi ya zo. Kada ka kore shi, kada kuma ka bi shi. Alhaji yana Kafanchan yana barcinsa, ba ya cikin ɗakinka."

Bayan 'yan kwanaki tsohon ya ce in kawo takarda da biro tunda ni ne mai rubutu. Ya sa na raba shafin gida uku: abin da ya riga ya tafi, abin da ake bin sa, da abin da ya rage. Gida na farko muka cika shi da sauri, muka ja layi a ƙasa. Na biyu ya ɗauki lokaci, domin sai da maƙwabcina ya faɗi adadin da bakinsa, abin da bai faɗa wa ko matarsa ba. Muryarsa na rawa ya faɗa. Kuɗin da yawa, ba a ce ba. Amma da ya gan shi a rubuce sai ya dube shi ya sake duba, domin a takarda bashin yana da ƙarshe, da dare kuwa ba shi da shi. Gida na uku shi ya ba shi mamaki: masara a rumbu, awaki, 'yar fadamar shinkafa da cutar ba ta shafa ba, babur ɗin da ɗansa ke acaɓa da shi. Duk yana da su tun farko, tsoro ne ya rufe masa ido.

Ranar da ya shirya zuwa Kafanchan tsohon ya raka shi. Da suka dawo maƙwabcina ya ba ni labari cewa Alhajin na ganinsa ya miƙe ya ce, "Haba Baba! Kashe wayar nan da ka yi ya fi tayar min da hankali, na ɗauka wani abu ya same ka. Ni ma kayan da na yi wa mutanen Legas alkawari ban haɗa ko rabi ba." Bai yafe bashin ba, shi ma bin sa ake yi. Sun dai raba biyan a kan kaka biyu. Watannin da dattijon nan ya yi yana zagaye tsakar gida, yana huce haushi a kan iyalinsa, ya yi su ne a gaban wani Alhajin da zuciyarsa ta ƙera masa.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne haƙuri daban, haɗiyewa daban. Mai haƙuri ya san abin da ke damunsa, ya kira shi da sunansa, sannan ya zaɓi yadda zai yi da shi. Mai haɗiyewa ya ƙi duban abin ne gaba ɗaya, abin kuma ba ya ɓacewa, yakan ɓullo ta wata hanyar: ta hawan jini, ta ciwon kai, ta tsawa a kan yaro, ta kwalba. Natsuwar da nake nufi ita ce mutum ya iya lura da abin da ke faruwa a ransa da jikinsa a daidai lokacin da yake faruwa, kafin ya kai ga harshe ko hannu. Ana koyon ta, kamar yadda dattijo mai furfura ya koya a bakin gadonsa.

Likitocin duniya sun daɗe da gane haka. Tun 1979 wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka, inda ake koya wa masu fama da ciwo da damuwa su zauna su lura da numfashinsu da tunaninsu. Wanda ya fi kama da namu kuwa a Zimbabuwe yake, inda likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, su saurari mai damuwa, su taimaka masa ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi. Tsohon ma'aikacin reluwenmu bai taɓa jin labarinsu ba, amma aikinsu ya yi.

Addinanmu biyu ma ba su bar mu hannu wofi ba. Malamai suna koyar da cewa salla ba ta cika sai da natsuwa, kuma wanda fushi ya kama ya zauna, ya yi alwala. A coci an hore mu da keɓe lokacin shiru da asuba kafin hayaniyar gari ta tashi. Sai dai mun mayar da su abin da ake yi a gurguje, waya na gefe tana ƙara. Kuma a nan dole in ce mata sun fi mu dabara. A taron zumuntar mata ko wurin zubin adashi mace takan buɗe baki ta ce ga halin da take ciki, a yi kuka tare, a yi addu'a, wata ta auna mata masara. Majalisar maza kuwa siyasa ce da ƙwallo. Inda harshen namiji ke sakewa sau da yawa gidan burkutu ne, can kuma da nauyi biyu yake komawa gida.

A makarantarmu shugabarmu ta kawo wani ɗan tsari a zangon da muka koma a watan Satumba. Bayan taron safe, kowane aji zai yi shiru na minti biyu kafin a buɗe littafi, malami ma ya ajiye alli ya zauna. Ta kuma roƙe mu kafin mu ɗaga bulala mu fara tambayar yaro ko ya karya kumallo. Ni shirun nan ya fi yi wa amfani, domin a cikinsa nake gane ranar da na shigo aji da ɓacin ran da ba yaran ne suka jawo shi ba.

Kada a ɗauka ina cewa numfashi zai maye gurbin iri. Manomin da ya wayi gari a 2024 irin citta ya gagare shi saye, har ya koma masara ko gangamau, haƙƙinsa ne a samar masa da iri mai lafiya, da malaman gona da za su shiga ƙauye, da inshorar da za ta tare shi in gona ta ƙi. Wanda ya ce wa mayunwaci ya kwantar da hankali kawai ya juya baya, ya zalunce shi.

Haka nan akwai inda zaman benci ba ya isa. In mutum ya shafe makonni ba barci, ba cin abinci, ya daina wanka, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wannan ciwo ne, a kai shi asibiti. Kada a kulle shi a ɗaka, kada a tsaya ana neman wanda ya yi masa asiri. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin mai irin wannan larura. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Amma daga ƙauyukanmu zuwa Barnawa tafiya ce mai cin kuɗi, kuma yawancin mutanenmu ba za su ce damuwa ce ta kawo su ba. Za su zo ƙaramin asibiti ko kemis ne su ce kai na sarawa, a auna musu jini.

Shi ya sa roƙona yake wurin ma'aikatan jinya. Muna da makarantar ungozoma ta St. Louis a nan Zonkwa, muna da kwalejin jinya a Kafanchan, kowace shekara suna yaye 'ya'yanmu da ke jin Jju da Tyap da Hausa da sauran harsunanmu. A koya musu tun suna aji cewa duk wanda suka ɗaura wa abin awon jini a hannu, su tambaye shi yaya barcinsa da abin da ya fi tsaya masa a rai, in ya ce lafiya lau su sake tambaya, su kuma san inda za su tura shi in amsar ta fi ƙarfinsu.