Magungunan Ƙarin Kuzari: Darasin Indiya Ga Kasuwannin Jega, Aliero Da Maiyama

Duk wanda ya ci kasuwar Jega, ko ya tsaya a tashar Aliero ko ta Maiyama, ya san muryar lasifikar mai maganin gargajiya. Tsimi ne ko gari, ana cewa yana kore gajiya, yana ƙara ƙarfi, har yana dawo da ƙuruciya. Yanzu kuma tallan irinsu daga Indiya ya cika wayoyinmu, musamman saiwar ashwaganda. Kafin ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya ciro kuɗinsa, ya dace a duba yadda lamarin yake a can inda aka samo su.

A tsarin likitancin Indiya na gargajiya, wato Ayurbeda, akwai reshe guda da ake kira Rasayana, wanda aikinsa jinkirta tsufa da ƙarfafa jiki. Fitattun magungunansa su ne ashwaganda da cawanfarash, wani haɗi mai kauri da ake yi da 'ya'yan itacen amla da zuma da man shanu da tsirrai masu yawa. Gwamnatin Indiya ta ɗauki fannin da muhimmanci: a 2014 ta kafa masa ma'aikata sukutum mai suna AYUSH, a 2022 kuma aka aza harsashin cibiyar maganin gargajiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya a Jamnagar, inda Indiya ta yi alƙawarin dala miliyan 250.

Duk da wannan gata, matsala ba ta kau ba. Wani bincike da mujallar likitocin Amurka, JAMA, ta buga a 2004 ya gwada magungunan Ayurbeda 70 da ake sayarwa a yankin Boston, ya sami dalma ko zaiba ko asanik a cikin 14. A 2023 Denmak ta hana sayar da ashwaganda saboda fargabar illarta ga sinadaran jiki da kuma juna biyu. A 2024 Kotun Ƙolin Indiya ta tilasta wa shugabannin kamfanin Patanjali neman afuwa a jaridu kan tallace-tallacen da ke yaudarar jama'a. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da ma'aikata da ɗakunan gwaji, me za a ce game da jarkar da ba ta da ko suna?

Ba baƙon abu ba ne gare mu. Maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa yara fiye da 400 a 2010 sakamakon gubar dalma daga haƙar zinari, guba ce da ba a ganinta, ba a jin ɗanɗanonta. A 2023 hukumar NAFDAC ta rufe wurin haɗa maganin nan da aka fi sani da Baban Aisha a Kaduna, bayan ya daɗe yana yawo a kasuwanni. Ya kamata mai saye ya sani cewa lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L tana nuna an duba amincin maganin ne kawai, ba a tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa ba.

Wannan ba kira ba ne na a watsar da gado. Masu ɗorin Aliero sun yi suna har wajen jihar Kebbi domin aikinsu ido na gani. Maganin sha kuwa aikinsa a ɓoye yake, hanta da ƙoda ke karɓar sakamakon, sau da yawa sai bayan shekaru. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya ajiye ƙwayoyinsa ya koma tsimi yana caca da ransa ne.

Mafita tana kusa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana tsakiyar wannan yanki. Gwamnatin jiha za ta iya ba ta kuɗin gwada magungunan da aka fi sha a kasuwannin uku, a bayyana sakamakon da Hausa a rediyo. Shugabannin masu maganin kuma su wajabta wa membobinsu rubuta sunan mai haɗawa, abin da ke ciki, adadin da za a sha da ranar lalacewa. Mai gaskiya ba zai yi asara ba, kasuwarsa ma za ta buɗe. Wanda ya ƙi gwaji kuwa, ya riga ya faɗa wa mai saye abin da ke cikin kwalbarsa.