Alƙalami Ma Jari Ne



Da yawanmu mun ɗauka sai an sayar da littafi rubutu ke kawo kuɗi. Ban yarda ba. Ku duba tallan 'yan kasuwarmu a WhatsApp: hoto da farashi kawai. Idan kowa haka yake yi, me zai tsayar da mai saye wurin mutum ɗaya?

A ce mai shadda a Kantin Kwari duk mako yana bayanin yadda ake bambance Getzner ta asali da jabu, ko yadda ake wanke ta ƙyallinta bai mutu ba. Wanda ya ƙaru da shi yau, wurinsa zai nufa ranar sayen kayan Sallah, domin ya riga ya yarda da shi.

Ɗan kasuwa ya san kayansa, lokacin tsara magana ne ba shi da shi. Nan gurbinmu yake. Sharaɗi biyu ne: kada ka rubuta sau biyu ka ɓace, kuma kada ka yabi kaya da abin da babu, domin ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Nemi mai shago ɗaya a unguwarku, ku yanke lada kafin ka fara. Allah ya sa albarka.