Wa Ya Ƙirga Masu Shan Wiwi a Zango?

Duk sa'ad da aka tayar da zancen wiwi a birnin Akra, ba a rufe baki sai an ambaci Nima da Maamobi. Daga mahaɗar Kawukudi har bakin babbar kwata an riga an yanke mana hukunci, wai mu ne matattarar hayaƙi. Ban ce ba a sha a unguwanninmu ba. Mai hanci ya san ana sha. Tambayata ga masu wannan magana ita ce: wa ya ƙirga, yaushe, kuma da wane mudu?

Adadin da aka fi yawo da shi, wai kashi 21.5 cikin ɗari na 'yan Gana na shan wiwi, ya bazu ne daga rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2007, kuma asalinsa ƙiyasi ne na 1998. Jaririn da aka raɗa wa suna a wannan shekara yau magidanci ne, amma har gobe da wannan tsohon mudu ake auna mu.

Sauran alƙaluman daga kame da asibiti suke fitowa, kuma nan ne abin ya fi ɓata mini rai. Lissafin kame yana nuna inda motar 'yan sanda ta fi zuwa ne kawai. Yaron Zango a lungu yake sha, don ɗakinsu mutum shida ke kwana ciki. Ɗan mai kuɗi a East Legon yana sha a bayan katanga, da maigadi a ƙofa. Na farko ya shiga littafi, na biyu ko ƙurarsa ba a gani ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Akra da Pantang da Ankaful su ma waɗanda abin ya riga ya kayar kawai suke gani.

A kan wannan duhu aka yi ta gina doka. A 2020 majalisa ta kafa Doka ta 1019, wadda ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ɗan abin shansa zuwa tara, daga sidi 2,400 zuwa 6,000, wanda ya kasa biya kuma ya tafi gidan yari. Ta kuma halatta noman nau'in da sinadarinsa mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'antu da magani. Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe a 2022, majalisa ta dawo da shi a 2023. Shekara uku ana kai-komo a kan wanda zai noma, ba a damu da sanin wanda ke saya ba.

Kayan awon ƙasashen waje ma sai an yi musu kwaskwarima. Masu bincike a Amurka suna tambayar mai sha giram nawa zai saya in farashi ya kai kaza, su yi ta ƙara kuɗin har ya ce ya haƙura. Dabara ce mai kyau, don tana raba mai sha don nishaɗi da wanda zai bar abinci ya saya. Amma wa ke sayen giram a Nima? Ƙulli ake saya, mutum ɗaya ya biya, biyar su zagaya da shi, gobe wani ya biya. Wani a alewa yake ci, wani a jiƙe cikin barasa, wani ya haɗa da tiramadol. Takardar da ba ta san wannan ba shirme za ta tattaro. Turawa kuma suna gwada ruwan bahaya na birni su gane yawan abin da aka sha. Mu da yawancin gidajenmu bayan gidan haya suka dogara da shi, mota ta zo ta kwashe, ta ina za a fara?

Nijeriya ta gwada a 2018: hukumar ƙididdigarta ta bi gida-gida, aka kuma je aka sami masu sha sosai a inda suke zama, aka fito da kimanin mutum miliyan 10.6 masu shan wiwi. Me ya hana hukumar ƙididdiga ta Gana da NACOC yin haka?

Wasu dattawanmu za su ce wannan tonon asiri ne. Allah ya ƙara girma, asirin da ake shelarsa kullum a rediyo ba tare da hujja ba, wane rufi ya rage masa? Ƙirgen da zai haɗa Nima da Osu da Cantonments a ma'auni ɗaya shi ne kaɗai zai iya wanke mu, ko ya nuna mana girman ciwon. A horar da yaranmu masu karatu su yi tambayar da Hausa, a majalisar ataya, ba suna, ba lambar waya, ba ɗan sanda a bayansu. A maimaita duk bayan shekara uku, a kuma kawo sakamakon Zango a karanta mana kafin a kai shi otal ɗin taro.