BA A CINIKIN BIRI A SAMA

Aikin zana taswira ya bar teburin safiyo ya koma cikin kwamfuta. Daga cikin manhajojin da a ke wannan aiki da su akwai QGIS, wadda Gary Sherman ya soma a 2002. Kyauta ce, asalinta kuma a buɗe ya ke, watau kowa na iya duba yadda aka gina ta, har ya gyara. Amfanin taswirar kwamfuta ba ɓoyayye ba ne ga mutanen Kano, gama tun daga 2012 da irinta masu rigakafin shan-inna suka riƙa gano unguwannin da aka tsallake, har aka tabbatar da kawar da cutar ta asali daga Nijeriya a 2020.

Amma fa akwai abin lura. Ita wannan manhaja tana karɓar ɗori, watau ƙananan manhajoji waɗanda wasu mutane dabam su ke rubutawa don su ƙara mata wani aiki. A rumbunta akwai irinsu fiye da 1,000. Waɗansu aikin gwanaye ne, waɗansu na 'yan koyo, waɗansu kuwa masu su sun daɗe da watsar da su. Masu duba rumbun 'yan sa-kai ne, ba kuwa za su iya gwada kowane ɗori a lungunan birnin Kano ba.

Haɗarin iri biyu ne. Na farko kuskure. Tsofaffin taswirorin ƙasar nan bisa ma'aunin Minna aka zana su, na'urorin GPS kuwa da ma'aunin WGS 84 su ke aiki, tsakaninsu akwai tazarar mitoci masu yawa. In ɗori ya kasa daidaita su, a daji abin da sauƙi. Amma a cikin birni, inda katanga ke jingine da katanga daga Kurmi har Ƙofar Mata, sai gidan wani ya faɗa na maƙwabcinsa, ko kuwa gindin badala, wadda aka soma ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, ya zama fili a takarda. Ƙarshen wannan sai gaban alƙali.

Na biyu ha'inci. Ɗori yana iya taɓa duk abin da mai kwamfuta ke iya taɓawa, har da sunayen masu filaye da takardunsu. Kada a ce wannan tsoro ne kawai. A watan Maris na 2024 aka gano wata ɓoyayyar kafa a cikin XZ Utils, buɗaɗɗiyar manhaja wadda kwamfutoci da yawa ke dogara da ita. Wanda ya dasa ta sai da ya yi wajen shekara biyu yana taimako, har aka amince da shi.

Ba mu ce a guji buɗaɗɗiyar manhaja ba, gama buɗewar nan ita ta sa aka kama ɓarnar. Abin da mu ke cewa shi ne a yi awo kafin a yi amana. Zamanin dalar gyada, buhu ba ya hawa dala sai ma'aikatan duba amfanin gona sun duba shi. Haka ya kamata a yi wa ɗori.

Sabo da haka muna roƙon ofishin KANGIS, da kowane ofishi mai riƙe da taswirar jama'a, su tsayar da jerin ɗorin da suka yarda da shi, su hana ma'aikaci saka wani don ganin damarsa. A san wanda ya rubuta kowanne, da ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe. A gwada shi bisa turakun safiyo waɗanda aka tabbatar da matsayinsu, in an sabunta shi kuma a sake gwadawa. Malamai da ɗaliban Jami'ar Bayero su ma su sa hannu, in sun ga aibi su sanar da mai ɗorin don ya gyara.

Talaka ba ya ganin cikin kwamfuta, takardar da aka miƙa masa kaɗai ya sani. Haƙƙinsa yana wuyan wanda ya zana ta. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.